Iya Turai da Takardar Tambayoyina

Iya Turai ce ta yanke min cibiya, kamar yadda ta yanke wa kusan duk wanda aka haifa a ƙauyenmu na gefen hanyar Bunkure cikin shekara arba'in. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ni kuwa, Abuzar, shekara huɗu na yi a jami'a a Kano ina karatun tattalin arziki. A shekarar ƙarshe na zaɓi yin bincike a kan yadda yawan jama'a ke sauyawa a yankin noman rani, da abin da hakan ke jawo wa gonaki. Tun ban tambayi kowa ba na riga na yanke hukunci: haihuwa ta yi yawa, gona na tsukewa, shi ke nan. Har tabarau na saya, alhali idona lafiya lau.

Na buga takardar tambayoyi na dawo gida, na yi kwana uku ina bin manoma a bakin kanal, wato magudanar ruwan dam. Duk wanda na tambaya 'ya'yansa nawa sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ci gaba da ban ruwa. Innata ce ta ji tausayina ta ce in je wurin Iya.

Na same ta da hantsi tana turara shinkafa a rabin ganga, sana'ar da ta kama tun da ƙarfinta ya fara raguwa.

"A'a, mai gidan ne da gilashi? Makanta ka je koyowa a birnin?"

Na durƙusa na gaishe ta, na gyara murya, na yi mata bayanin da na haddace. Na ce masana sun tabbatar in kowane gida zai tsaya a 'ya'ya huɗu, da talauci ya ragu.

Ta juya shinkafarta, ta ce, "Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Na tara."

"To da an bi littafin naka, wa zai zo ya tsaya min a kai ina aiki?"

Na cire tabarau na goge, don ban sami abin yi da hannuna ba. Ta turo min kujera 'yar tsugunno, ta ce in ajiye takardar in saurara.

Tana 'yar shekara sha bakwai aka kawo ta ƙauyen daga Madobi, ruwan dam bai iso ba. Da an gama girbi maza kan watse ci-rani, gari ya koma na mata da tsofaffi. 'Ya'yanta uku na fari ƙyanda ce ta ɗauke su, biyu a mako guda. Surukarta, wadda ita ce ungozomar garin, ta ga zaman ɗaki zai kashe ta, sai ta riƙa janta gidajen haihuwa tana riƙe mata ƙwarya. Haka ta koyi aikin.

"Haihuwa ba ta ƙaru ba, ɗan nan," in ji ta. "A da a haifi goma a binne biyar. Allurar rigakafi ta zo, aka rage binnewa. Ruwa ya zo, maza suka daina tafiya, baƙi suka zo tsinkar tumatir suka ga wuri suka zauna. Mutanen unguwar da ke bayan injin casa, kakanninsu ba a nan suke kwance ba."

Na tambaye ta yanzu fa. Ta ce yanzu abin ya juya. Gonar da mijinta ya bari an raba ta gida bakwai, kowa ya sami abin da ba zai ci da iyali ba, samari sun koma Kumbotso suna tuƙa a-daidaita-sahu. Ta lissafo min su gida-gida, da sunan uba da na kaka, har da waɗanda suka dawo don birni ya ƙi su. Birona ya ƙare, na ƙarasa da gawayin murhunta a bayan takardar tambayoyin.

Sai da na sake rubuta babi uku. Ranar kare binciken, wani malami ya nuna shafin da ya fi burge shi ya ce a wane littafi na samo. A ƙasan shafin na rubuta "majiya mai tushe", don kunyar in ce ungozoma ce. Da ya matsa na faɗi gaskiya. Ya ce, "To sa sunanta, ita ta yi aikin." Na sa. Da na kai mata labari cewa sunanta yana ɗakin karatu na jami'a, sai ta ce in dai ba za a zo a ce ta biya haraji ba, to.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Kura, ranar Asabar in shiga 'yar gonar da ta faɗo min a gado. Da na auri Fa'iza na zana mata jadawali a takarda, shekara uku tsakanin kowace haihuwa. Ta ninke ta sa a ƙarƙashin kwanon miya.

Cikinta na wata shida Iya ta zo dubiya tana dogara sanda. Ta daina karɓar haihuwa, ta ce idonta ya yi rauni, asibiti take tura kowa. Ta ɗora tafin hannu a kan cikin Fa'iza, sannan ta dube ni.

"Malam mai lissafi, ka tanadi rago biyu."

Na ce ai ba a gane wannan da hannu, sai an yi hoto. Washegari muka je asibiti aka yi hoton. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta kira abokiyar aikinta. Iya ma ta yi kuskure, uku ne.