Marceline Darrigade, Mai Ƙofar Ruwan Verdelle

Haihuwa da Asali

An haifi Marceline Cazenave, wadda daga baya aka fi sani da Madam Darrigade, a watan Afrilu na shekarar 1933, a tsibirin Verdelle da ke tsakiyar mashigin Gironde, daura da garin Blaye. Mahaifinta, Firmin Cazenave, shi ne mai kula da ƙofar ruwa ta gonakin inabin tsibirin, mahaifiyarta Augustine kuwa ita ke dafa wa ma'aikatan gona abinci. Ita kaɗai Allah ya ba su, kuma Firmin bai taɓa ɓoye cewa namiji ya so ba, saboda aikinsa aiki ne na gado.

Asalin aikin shi ne, tun zamanin kakanni, lokacin da ƙwaron saiwa ya cinye gonakin inabi na ƙasar baki ɗaya, mutanen tudu suka tumɓuke itatuwansu suka yi wa sababbi aure da saiwar inabin Amurka, su kuwa mutanen Verdelle suka ƙi. Tsibirinsu taɓo ne da aka kewaye da ganuwar ƙasa, don haka duk lokacin sanyi sai su buɗe ƙofa ruwan kogi ya shafe gonakin, ƙwaron ya nutse, itacen ya tsira. Sharaɗin abin biyu ne: kada a shigar da ruwa sai an tabbatar babu gishirin teku a cikinsa, kuma lallai a fitar da shi kafin inabi ya fara toho, a ranar da ruwan kogin, mai cika da janyewa tare da teku, ya janye ƙwarai. In aka yi sakaci ko na shekara ɗaya, itatuwan da suka haura shekara ɗari sun tafi ke nan. A kan wannan ƙofa rayuwar Marceline ta tsaya daga farkonta har ƙarshenta.

Karatu

A shekarar 1939 aka sa ta makarantar tsibirin, mai aji ɗaya da malama ɗaya, ta kuma kammala a 1947 da shaidar ilimin firamare. Malamar ta ba da shawarar a tura ta Blaye ta ci gaba, kasancewar tana da kaifin basira da ƙarfin hadda, amma Firmin ya ce ba shi da wanda zai riƙe masa fitila a bakin ƙofa. Marceline ba ta yi ƙorafi ba. Waɗanda suka san ta a wancan lokaci sun shaida cewa ta fi son taɓo a kan alli, kuma tana da shekara goma sha biyar ta iya ɗiban ruwan kogi a tafin hannu ta kurɓa, ta faɗi ko ya isa buɗewa.

Aure da Zuriya

A watan Satumba na 1956, gab da tsinkar inabi, aka ɗaura aurenta da Norbert Darrigade, ɗan fito mai kai mutane da gangunan giya tsakanin tsibirin da Blaye. Mutum ne mai sanyin hali da ƙarancin magana, abin da ya zo daidai, domin ita tana yin ta mutum biyu. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Régis a 1958, Ghislaine a 1961, sai auta Lionel a 1965.

Firmin ya rasu a 1964. Masu gonar suka nemi kawo wani daga tudu ya karɓi ƙofar, sai Marceline ta je ofishinsu da goyon ciki ta ce, "Ku kawo shi. In ya iya bambance ruwan kogi da na teku da bakinsa, ni da kaina zan wanke masa takalma." Ba a kawo kowa ba. Ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan aiki, kuma ta riƙe shi fiye da shekara hamsin ba tare da itace ko ɗaya ya mutu ta dalilin sakacinta ba.

Jagorancin Baƙi

Daga ƙarshen shekarun 1960 injuna suka rage bukatar ma'aikata, gidaje suka riƙa zama kango, har aka rufe makarantar a 1974. Da fito ya ja baya, Marceline ta lura da cewa masu yawon buɗe ido da ke zuwa kallon tsohon sansanin sojan Blaye, bayan sun gama zagaya ganuwarsa, sukan tsaya a bakin ruwa suna nuna hasumiyar fitilar Verdelle da yatsa. A bazarar 1979 ta sa Norbert ya wanke jirginsa ya jera benci, suka fara ɗaukar su.

Nan ne baiwarta ta fito fili. Takan haura da baƙi har ƙolin hasumiyar, ta nuna musu manyan gidajen giya na Médoc a ɗaya gaɓar, da sansanonin da aka gina don tare jiragen abokan gaba, sa'an nan ta sauko da su ajin da ta yi karatu, ta ambaci sunan wanda ya zauna a kowane benci da inda ya ƙare. Daga bisani ta kai su gindin tsofaffin itatuwan, ta ba su burodi da ƙananan jatan lande da kurɓin giyar tsibirin. Ba ta da haƙuri da mai iyayi. Wani baƙo daga Paris ya taɓa shinshina kofinsa ya ce yana jin ƙamshin fure da fatar sirdi, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, to naka hancin ya fi nawa. Ni dai inabi na matse."

Abin da ya fi ba ta dariya shi ne tsirarun baƙin da kan zo lokacin sanyi, su tarar da gonar cikin ruwa, kawunan itatuwa kaɗai ke leƙowa. Sai su cire hula su shiga yi mata jaje. Takan bar su su gama, har ta taya su girgiza kai, kafin ta ce, "Na gode da alheri, amma ni na yi ɓarnar da hannuna, kuma baɗi ma zan sake." Sunanta ya bazu har ya kasance mutane kan ce wanda ya zo Blaye bai ji faɗan Madam Darrigade ba, bai ga Gironde ba. Norbert ya rasu a 1994, Lionel ya karɓi tuƙin jirgin, shi ne kuma wanda take koya wa aikin ƙofa.

Guguwa da Saɓani

A ƙarshen Disambar 1999 babbar guguwa ta fasa ganuwar tsibirin ta ɓangaren arewa, ruwan teku ya shiga, gishirinsa ya ƙone akasarin gonakin. Masu gonar suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. Lionel, wanda ya ga jirginsa a saman itace, ya yanke ƙauna ya yi hijira zuwa Kanada a 2001. Abin da ya tsira shi ne ɗan fegi ɗaya a gindin hasumiya, inda ƙasa ta ɗan fi tudu, kuma a nan itatuwan da suka fi tsufa suke.

Hukumar da tsibirin ya koma hannunta ta nemi ra'ayin masana, cikinsu har da Régis, wanda ya karanci aikin injiniyan ruwa ya kuma yi suna a kansa. Ra'ayinsa shi ne a bar ɓarakar da guguwa ta yi wa ganuwar a buɗe, domin ko an toshe ta teku zai sake fasawa. A taron jama'a da aka yi a Blaye a 2002 ya faɗi haka a gaban uwarsa. Ta miƙe ta ce, "Injiniya, a tsibirin nan aka yanke maka cibiya, yau kai ne za ka ba kifi ɗakin da na haife ka?" Ya amsa cikin ladabi, "Mama, ko ni ban ba shi ba, zai karɓa. Gara mu zaɓi abin da za mu iya riƙewa." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Shekara biyu ba ta yi masa magana ba, kuma abin ya ci ta ƙwarai, domin shi ne ɗan da ta fi alfahari da shi. Ta kai koke duk inda ake kaiwa, ta tara sa hannun baƙi, ta sa aka zuba duwatsu a ɓarakar da gudummawar masoya tsibirin. Sanyin 2003 bai ƙare ba sai da ruwa ya kwashe su. Abin da ya cancanci a rubuta mata shi ne, da gaskiya ta bayyana, ba ta yi jayayya da ita ba. Ta hau mota ta je gidan Régis a Bordeaux, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko zauna ba, ta ce, "Kai ke da gaskiya, ni ce na yi taurin kai. To, faɗa mini abin da za mu iya riƙewa."

Régis ya zana ƙaramar ganuwa mai kewaye hasumiya da makaranta da fegin tsofaffin itatuwan, aka kammala ta a 2005, aka ciro tsohuwar ƙofar Firmin aka dasa a jikinta. Sauran tsibirin ya koma fadama da tsuntsaye, kuma baƙi suka ƙaru, har Marceline ta koyi sunayen tsuntsayen tana ƙunƙuni. Ranar da aka buɗe ganuwar, Régis ya gindaya mata sharaɗi a gaban mutane. "Na yi miki ganuwa, Mama, amma kada ki sa rai zan gaji taɓo. Ranar da kika gaza, a bar itatuwan nan su huta." Ta ce, "Wa ya roƙe ka?"

Shekarun Tsufa

Ba ta roƙe shi ba, amma damuwar rashin magaji ba ta bar ta ba. Ghislaine ma'aikaciyar jinya ce a Bordeaux, ruwa ma tsoronsa take ji. Lionel yakan bugo waya ya yi alkawarin dawowa baɗi. Matasan da hukuma ke turowa don jagorancin baƙi sukan watse da zarar sanyi ya shigo, alhali aikin ƙofa na sanyi ne. Marceline takan ce wa baƙi a ƙarshen zagaye, "Ku kalli itatuwan nan da kyau, ni da su tare za mu tafi." Suna ɗauka raha ce, su yi dariya.

A 2016 Régis ya dawo Blaye da zama, inda ita ma take zaune a lokacin, ƙafafunta kuma sun fara gazawa, ya riƙa tuƙa ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin. Yakan zauna a kan ganuwa hannu cikin aljihu yana kallonta tana kokawa da ƙarfen ƙofar. In ta ce, "Kai, ba ka jin kunya, tsohuwa na nishi kana zaune?" sai ya ce, "Ni ɗan fito ne kawai, Mama, haka muka yi da ke." Sau da yawa sukan dawo suna fushi da juna, amma washegari da safe yana bakin ƙofarta da mota.

A Disambar 2018 ta kurɓi ruwa ta buɗe ƙofar kamar yadda ta saba. A watan Janairu ciwon haƙarƙari ya kwantar da ita a asibiti, fegin yana cikin ruwa. Duk wanda ya je duba ta, tambayarta ɗaya ce: wace rana ruwa zai janye ƙwarai? Ghislaine ta ce mata ta bar zancen gona ta nemi lafiya. Régis kuwa ba ta taɓa tambayarsa ba.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi wa Marceline Darrigade rasuwa a tsakiyar Fabrairun 2019, tana da shekara tamanin da biyar. Aka sa jana'izarta a cocin Blaye, a safiyar da ta zo daidai da babbar janyewar ruwa ta watan, wadda in ta wuce ba za a sami irinta ba sai inabi ya riga ya yi toho a ƙarƙashin ruwa. Cocin ya cika da tsofaffin mutanen Verdelle da 'yan fito da baƙin da ta taɓa yi wa faɗa. Ghislaine da Lionel suna sahun gaba, kujerar babban ɗa kuwa babu kowa. Aka jira, aka gaji, aka fara addu'a, tsofaffi na raɗa cewa ashe tsohon saɓanin bai mutu ba.

Sai da aka kai ta makabarta, aka sauke akwatin kusa da kabarin Norbert, sa'an nan Régis ya iso da sauri, cikin baƙar kwat ɗinsa ta makoki, taɓo ya ɓata shi har gwiwa, tafin hannunsa ya sale. Bai kalli kowa ba. Ya durƙusa a bakin kabarin ya ce, "Mama, ruwan ya fita. Na rufe ƙofar." Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa, ƙanwarsa ta riƙe shi.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku da jikoki bakwai: Ghislaine, ma'aikaciyar jinya a Bordeaux, Lionel, mai sana'ar jiragen ruwa a Kanada, da babbansu Régis, injiniya, wanda tun daga wannan safiya shi ke riƙe da ƙofar ruwan Verdelle. Allah ya kai haske kabarinta.