Hamidu Mai Farantin Mortiye

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana Hamidu, wanda mutanen Gaya suka fi sani da Kurma. Ba kurma aka haife shi ba. Zan faɗi abin bi da bi, tunda masu kiransa haka ba su taɓa tambaya ba.

Da farko ya shiga soja, aka sa shi rukunin mortiye. Bindiga ce da ake kafawa a ƙasa, bakinta sama. Sojan ƙasa ke ɗaukarta kashi uku: bututu, ƙafafu, da farantin ƙarfen da take zama a kai. Hamidu ne mai faranti. Ya ce tun yaƙin Turawa na cikin ramuka ake ji da ita, don harsashinta kan tsallake tudu ya faɗo wa wanda ya ɓuya. In an kafa ta, shi ke sakin harsashi cikin bututu da hannu biyu. Da wane hannu zai toshe kunne?

Sannan aka sallame shi, baya a tanƙware, kunnuwa a mace. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta. Ya samu gadi a tashar manyan motoci. Wata safiya tirela ta yi baya, yaran mota suna ta ihu, bai waiwayo ba. A wurin jana'iza na ji wani direba yana cewa, "To, me ya kai kurma bayan mota?" Har yau ban yafe wannan magana ba.

Yanzu ɗansa Idi kan zauna wurin mai shayi, shi da abokansa, suna kallon harbin mortiye a waya suna tafi. Kallon kitse suke wa rogo. Me Hamidu zai ce musu? Shi da ya gaya mini bai taɓa ganin fuskar wanda ya harba ba, kuma abin na cin ransa.

Makon jiya Idi ya ce, "Baffa, ni ma soja zan shiga." Ba na hana kowa kare ƙasarsa. Na dai ce, "Ka fara zuwa tasha, ka tambayi wa ya san Hamidu."

Abin da ya rage na yayana kaɗan ne. Har yau da ƙarfi muke magana a gidanmu, baƙo ya ɗauka faɗa ake. Amma da Idi ya dawo, a hankali ya yi magana.

"Baffa, babu wanda ya san shi. Sai da na ce Kurma."