Faifan Malam Sahabi yana kan hanya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi makaranta aka kira ni daga Kebbe, wai Malam Sahabi ya rasu bayan sallar asuba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kowa ya ɗauka zai tashi.

Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muke koyarwa a nan Tambuwal. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ranar da na fara aiki shi ya matsa mini a bencin ofishin malamai, ya raba ƙosansa biyu ya miƙo mini rabi, ko sunana bai tambaya ba. Duk ranar da ya je gida Kebbe sai ya riƙo wa mahaifiyata man shanu a kwalba.

Malam yana tara tsofaffin fayafayan garmaho, baƙaƙen nan masu nauyi da ko tari ka yi kusa da su sai ka ji tsoro. Ina tsokanarsa ina cewa duniya na sauraron waƙa a waya, shi yana wana inji kamar mai markaɗe. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge su da auduga.

Sai daga baya na san abin da yake nema. Mahaifinsa makaɗin noma ne, shi ke yi wa manoma kiɗa a wajen gayya. An taɓa ɗaukar muryarsa sau ɗaya a faifai, ya kuma rasu Malam yana goye. Malam ya tsufa bai san muryar ubansa ba.

Ya taɓa ce mini, "Nasiru, ni kan yi mafarkinai. Shina waƙa, bakinai na motsi, amma ban jin komi."

Bara na nuna masa yadda ake sayayya a intanet. Muka yi ta lalube, har muka dace da wani mai sayar da kayan tarihi a Legas da ya sa hoton faifan, ga sunan mahaifin Malam a jiki, rubutun ya koɗe. Malam ya riƙe wayata ya daɗe yana kallo, har hasken ya mutu bai sani ba.

Muka biya kuɗin faifan. Ranar da saƙon ya iso, a ɗakinsa muka buɗe. Ya yi alwala, ya sa sabuwar allura, ya wana garmahon.

Sai muryar wani dattijo ta fito, yana waƙa da wani yare da ba mu ji ko kalma ɗaya. Ashe mai kayan ya musanya kwalaye biyu. Namu ya tafi wajen wani, na wani ya zo mana. Ya ba da haƙuri, ya ce ƙa'idarsa sai an mayar masa da wannan ya gani lafiya, sannan ya turo namu.

Ni dai raina ya ɓaci. Na ce mu kai tasha yanzu mu ba direba, mu rubuta lambar waya a kwali kamar yadda kowa ke yi, jibi ya isa, namu ya taso. Malam ya saurari dattijon har ya gama waƙarsa.

"Wanga ma uban wani na," in ji shi. "Wanda yab biɗe shi, ciwonmu guda. Ka so in aza mai ubanai ƙarƙashin buhun albasa?"

Ya sa kafinta ya yanko masa falanki biyu daidai girman faifan. Ya shimfiɗa auduga, ya naɗe da tsohon rawaninsa, ya sa a kwali, ya sa kwalin cikin wani kwalin. Muka shiga mota har Sakkwato. A gidan waya ya tsare ma'aikacin da tambaya: wanne ne ba a jifa da shi, wanne ne sai an sa hannu kafin a karɓa, wanne ke da inshora. Aka ce mai rajista, amma ba ya sauri. Ya ce shi yake so. Na ce Malam, wannan kaya ya fi ni samun gata. Ya ce ai ni ba na fashewa.

Tun daga nan muka shiga jira. Lambar bibiyar saƙon tana wayata, kullum bayan an tashi sai mu zauna gindin dogon yaro ya ce in duba. Ba abin da ke fitowa sai "yana kan hanya", amma shi sai ya lumshe ido ya yi ta bin kwalin da baki. Yau ya kwana Yawuri. Gobe ya ƙetare ruwa a Jebba. Yana faɗa kamar yana zaune a bayan motar yana riƙe da shi a cinya.

Ganina na ƙarshe da shi ranar Alhamis ne. Na gaya masa mai kayan ya rubuto: faifan ya isa ko tsagewa babu, ya kai ga mai shi, namu ma ya dawo hannunsa ya sa a gidan waya. Malam yana kan babur zai tafi Kebbe, jikinsa da ɗan zafi. Ya kashe injin don ya ji da kyau.

"Alhamdu lillahi, wani ya ji nashi," ya ce. "Ta ƙohwar gidanga za ya wuce, ya tai Sakkwato, sannan shi komo muna. Kak ka buɗe sai na zo."

Na ce to.

Na so a ce ya bi shawarata ya ba direba, da ya ji. Na kuma san da ya bi, da ba Malam Sahabin da nake kuka a kansa ba ne. Kewarsa nake yi ƙwarai.

Ɗazu na duba lambar namu saƙon. Yana kan hanya. Sunansa ne a jikin kwalin, shi ake jira ya sa hannu, kuma ya ce kada in buɗe.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Sahabi, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna, ya ji muryar nan daga bakin mai ita.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.