Mutumin da ya kwance ƙunshin surukinsa

Kafin awakin unguwa su fito kiwo, Malam Abdulwahabu ya riga ya isa filin jirgi. Sai ya jingine babur ɗinsa a gindin aduwa, ya bi filin da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, kansa a ƙasa kamar matar da ɗan kunnenta ya faɗi. Ƙusa, tsakuwa, gwangwanin madara, guntun igiya, duk sai ya tsince. Ya zagaya wayar shinge ya ga ko wani ya yanke ta don ya gajarce wa jakinsa hanya. In ya tarar da shanu sun shigo, ya gaisa da mai su da Fulatancinsa na kame-kame, har a yi dariya a kora su waje. Sannan ya dawo rumfa ya kakkaɓe teburinsa, ya fito da sandarsa, wadda in ta ji ƙarfe a jikin mutum sai ta kama tsuwa kamar ɗan tsakon da ya ɓata.

Wanda bai san wurin ba, ɗan fili ne da wani kamfani ya share a bayan garinmu Anka, tun zamanin da gubar dalma ta kwantar da yara a Bagega. Babu gini mai gilashi, babu injin da ke haɗiye jaka ya amayo ta. Ƙananan jirage ne ke sauka, masu cin mutum huɗu ko shida, galibi mai jirgin shi ne direbansa. Su kawo likita, su ɗauki mara lafiya, su sauke wani mai babbar riga da ke tsoron hanyar mota. Tsakanin jama'a da waɗannan jirage babu komai sai teburi ɗaya da Abdulwahabu, mutumin Gummi, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa Hasana ce, mai masa a bakin ƙofar filin. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga baƙi ya karkace ya gyara a zuciyarsa. An ce ƙarshen watan nan Malam zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani tun yana jin kunnensa. Ana cewa bakina ba ya riƙe ruwa. To yau bakin zai yi aikin lada.

Masu jirgin kansu mutane ne masu wuyar sha'ani. A ganinsu jirgi kamar motarsu ce, su buɗe su shige. Na ga wani Alhaji ya zo da jakarsa ta fata zai wuce teburi ko kallo babu. Abdulwahabu ya tare shi da sallama.

Alhaji ya ce, "Kai, jirgina ne fa. Ni na saye shi, ni ke tuƙa shi."

Ya ce, "Jirginka ne, ranka ya daɗe. Amma in ya tashi, ta kan ɗakin Innata zai bi. Buɗe jakar mu gani, a yi maza ka samu iska mai kyau."

Alhaji ya yi ta huci, ya kira wannan a waya, ya kira wancan. Abdulwahabu yana tsaye hannu a baya har wayar ta gaji. A ƙarshe aka buɗe jaka. Me ke ciki? Ku tambaye shi, in ya gaya muku ku zo ku gaya mini. Na ba mutumin nan masa mai zafi da man shanu ba sau ɗaya ba, ina lallaɓa shi ya ɗan tsakura mini abin da yake gani a kayan manya. Sai ya cinye tas, ya ce, "Inna Hasana, masar yau ta yi daɗi." Shi ke nan labarin.

Kai ne rijiya mai murfi, Abdulwahabu. Ka ga cikin jakar kowa, kuma babu wanda ya taɓa jin kayansa a kasuwa.

Babban aikinsa ma ba jakar matafiya ba ce, saƙo ne. Kun san halinmu. Da an ji wani zai yi tafiya, sai a ɗinke ƙunshi a buhu a ce, "Riƙe ka kai wa wane." Wanda aka ba ba ya tambayar abin da ke ciki, don tambaya zargi ce, kwancewa kuma cin amana. Haka muke yi da direban mota, haka muka ɗauka za mu yi da direban jirgi. Akwai wani Clement, mutumin kudancin Kaduna, mai jirginsa fari da ratsin shuɗi, wanda ba ya iya cewa a'a. Kuka, daddawa, kilishi, ƙwan zabi, duk sai ya karɓa. Abdulwahabu kuwa ya kafa doka: kowane ƙunshi sai an farke ɗinkinsa a gaban mai shi. An zage shi a kan wannan har ya saba.

Ranar da nake son ba ku labari, Clement zai ɗauki wata mata da haihuwa ta zo wa da gardama zuwa Abuja, tare da ma'aikaciyar jinya. Ana cikin shiri sai ga ɗan acaba ya sauke tsoho daga Gwashi, rungume da ƙunshi ɗinkakke. Malam Yahaya ne, tsohon maharbi, wanda ko hakimi ba ya ɗaga masa murya. Zai aika wa ɗansa Nuraddeen da ke aiki a Abuja. Kuma Malam Yahaya shi ne uban Surayya, matar Abdulwahabu.

Na ajiye cokalin juya masa. Na ce yau akwai kallo.

Kowa ya san yadda mutum yake da surukinsa a ƙasar nan. Ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya saki hanyar. Balle ya sa hannu a kayansa. Abdulwahabu ya tuɓe takalmansa a kan ƙasar da ta fara zafi, ya durƙusa, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar shanu da damina. Tsoho ya amsa yana kallon gefe, ya miƙa wa Clement ƙunshi ta saman kansa.

Daga durƙushen Abdulwahabu ya ce, "Baba, a yi mini aikin gafara. Sai an buɗe."

Tsoho ya yi kamar da iska ake. Clement ya ce, "Oga Wahab, bar shi mana. Baba ne fa."

"Na san Baba ne. Sai an buɗe."

Malam Yahaya ya juyo. "Mi kac ce? Ni za a kwance ma kaya gaban mata da 'yan acaba? Wanga yaro, ni nib ba ka ɗiya, ban buɗe cikinka na duba ba!"

Wallahi na ga gumi yana bin wuyan Abdulwahabu. Ya san tsohon, ya san abin da zai biyo baya, ya san Surayya 'yar fari ce da ba ta tsallake maganar ubanta. Mara lafiya tana nishi a cikin jirgi, ba lokacin doguwar magana. Bai miƙe ba. Ya ja gwiwa ya matso, ya karɓi ƙunshin da hannu biyu, ya ɗora a cinyarsa, ya sa reza ya farke ɗinkin a hankali. Ya fito da daddawa, ya fito da kuka, ya fito da kwalbar zuma. Sai hannunsa ya tsaya a kan wani abu a ƙasan buhun. Ya ɗan buɗe, ya sunsuna, ya rufe. Na miƙa wuya har ya yi mini ciwo, amma ya kife hularsa a kai kafin idona ya kai.

Ya ce wa Clement, "Ɗauki sauran, ku tashi, Allah ya sauke ku lafiya."

Jirgi ya tashi. Abdulwahabu kuma ya je ya kira shugaban filin da babban sojan da ke gadin bakin hanya, suka zagaya bayan rumfa su huɗu da tsohon, da bokitin ruwa. Suka daɗe. Da suka fito, Malam Yahaya ya hau acaba bai yi wa kowa sallama ba.

Washegari aka aiko daga Gwashi: Surayya ta zo gida, ubanta yana kira. Ta tafi da goyonta, ba ta dawo ba.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce zinari aka gani. Wasu suka ce laya ce ta raba Nuraddeen da matarsa. Wasu suka ce ba komai sai daddawa, yaron ne kawai aikin gwamnati ya hau masa kai. Ni dai abin da na ji nake kaiwa gaba, gishirin da nake ƙarawa bai fi na miya ba. Abdulwahabu ya rame. Ya koma cin masata safe da rana, rigarsa babu guga. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke shi, ta jefa tsohon a bakin duniya. Na ce masa, "Ɗan nan, ka faɗi abin da ka gani mana, aurenka fa ke tangal-tangal." Ya ce, "Inna, Baba ne." Ya aika dattawa biko, tsoho ya ce su gaya masa ya je ya auri teburinsa.

Wadda ta warware maganar ita ce Iyatu, matar Malam Yahaya, ƙawata tun muna 'yan mata, kuma daga bakinta na ji saura. Ta ce ta gaji da ganin ɗiyarta tana tankaɗe tana hawaye, sai ta tsare tsohon a turakarsa.

"Malam, mi anka gani cikin ƙunshin ga?"

"Magani."

"Wane irin magani ad da soja da bokiti?"

Ya yi tari, sannan ya ce Nuraddeen ne ya yi kukan ciwon ciki a waya. Shi kuma tsohon, maganin da ubansa ya ba shi, shi yake yi wa 'ya'yansa: a ɗebi albarushi kaɗan a jiƙa a sha. To shi ne ya cika gwangwani ya sa a ƙasan buhu. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, yaron bai sa abin a aljihu ya yi shiru ba, sai da ya kai shi gaban soja.

Iyatu ta ce ta dafe ƙirji. "Albarushi? Cikin jirgi, da mai naƙuda? To bar ma wannan. A zamanin ga da ko batir ka saya da yawa sai a ce 'yan daji kaka kai ma, in ƙunshin ya sauka Abuja anka buɗe, hannun wa za a kama shi? Hannunka, kana nan Gwashi kana shan hura? Hannun Nuraddeen! Shi wanda kaka zagi, mi yac ce ma sojan?"

Tsoho ya amsa da ƙyar. Ya ce yaron ya gaya musu gaskiya, cewa maharbi ne kuma magani ya nufa, ya ce in an taɓa samun tsohon da wani abu a kama shi shi Abdulwahabu. Sannan aka juye garin a ruwa.

Iyatu ba ta nemi izini ba. Da gari ya waye ta sa Surayya a gaba, suka hau acaba biyu har ƙofar gidan mijinta. Da ta biyo ta wurina shan ruwa ta ce, "In ya isa ya zo ya ɗauke mu mu biyu."

Bai zo ba sai bayan kaka, kuma filin jirgi ya zo, da wani ƙunshin. Wannan karon bakin buhun a buɗe yake, ga basilla da zare a hannunsa. Ya zazzage kayan a teburi da kansa, yana kallon gefe. Abdulwahabu ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya duba ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce a yi haƙuri. Tsoho ya zauna a bencina ya ɗinke buhunsa, ya juya ga wani mai ƙunshi ɗinkakke a bayansa ya ce, "Kai, farke shi. Ni ma an farke nawa." Tun daga ranar mutanenmu suka koma kawo saƙo a buɗe, a ɗinke bayan an duba. Da na je neman izinin rubuta wannan, Malam Yahaya ya ce in rubuta, amma in faɗa cewa gwangwanin ƙarami ne. To na faɗa. Iyatu ta ce na tumatir ne, babba.

Abdulwahabu, kai ne ka durƙusa wa surukinka har ƙasa, kuma ba ka bar ƙunshinsa ya wuce ba. Ka ɓoye shi ga idon kasuwa, ba ka ɓoye shi ga hukuma ba. Ka yarda gidanka ya yi shiru da a ce jirgi ya tashi da abin da ba ka sani ba. Mun gode, mu da jiragen nan ke bi ta kan ɗakunanmu. Allah ya sassauta maka gwiwa, ya bar ka da Surayya har ku ga jikokin jikoki.

Ku kuma da aka ba tsaron ƙofa, ta asibiti ce, ta makaranta ce, ko shingen kan hanya, wata rana naku surukin zai zo da nasa ƙunshin, yana kallon gefe. Ku tuɓe takalmi, ku gaishe shi da kyau, ku tambayi shanu da damina. Sannan ku farke ɗinkin.