Tawul ɗin Yaya

Da aka sallamo ni daga asibiti a Garki, bayan an sa mini gwiwar ƙarfe, gidan 'yata na sauka a Masaka. Ƙafar ta kumbura suntum, ga zogi kamar ana hura wuta a ciki. Likita ya ce in sha magani kafin in motsa ta, idan na gama a ɗora ƙanƙara. Ban da ruwan zafi, sai kumburin ya saɓe.

Ana haka sai ga yayata daga Paikon Kore, da tawul da man kaɗanya a jaka. Ita ta yi mini wankan jego duk haihuwata. A wurinta, ciwon da ba a gasa ba, ba a yi jinyarsa ba. Ko mayafi ba ta cire ba ta ɗora tukunya.

'Yata ta ce, "Inna, likita ya hana fa. Ƙanƙara ake sa mata."

Yaya ta ce, "Ƙanƙara? Kifi ce ita?"

Ta sauke tukunyar, ta ninke tawul ɗinta a hankali, ta ce tunda ba ta da amfani gobe za ta koma. Na san idan ta tafi a haka, ba ƙaramin abu ne zai dawo da ita ba.

Da la'asar na gama lanƙwasa ƙafar, har da hawaye, ga shi an ɗauke wutar lantarki tun safe, ƙanƙararmu ta narke. Maƙwabciyarmu 'yar Jos mai sayar da zoɓo ta leƙo da ledojin ruwa daskararru. "Mama, ga shi, sa masa, zai yi sanyi."

Na dubi Yaya, tana ɗaure kaya. Na ce, "Yaya, ba a ɗorawa a fata haka nan. Ara mini tawul ɗinki mana. Kuma 'yar nan tawa hannunta nauyi gare shi."

Ta taso tana mita. Ta naɗe ƙanƙarar, ta yi bismilla, ta riƙa dannawa tana ɗagawa, tana kewaye ɗinkin, daidai yadda take gashi. Zogin ya soma lafawa.

"Duniya ta juya," in ji ta. "Yatsuna sun mutu."

Na sa 'yata ta ɗumamo ruwan nan na tukunya. Na kama hannuwan Yaya na tsoma, na shafa musu man kaɗanyar.

Ba ta sake zancen tafiya ba sai da na ajiye sanda.