Awarwaron Inna a Cikin Matashin Kai

Duk abin da zan manta na shekarar da na bar Gadarif ta ƙasar Sudan, ban da ranar da aka farke matashin kaina da wuƙa a gaban jama'a.

Maigidana ya daɗe yana aiki a Jidda, sai a shekarar nan Allah Ya nufa ya samar mini takardun zama. Ya ce kada in sayar da kayan ɗakina, in aiko su ta jirgin ruwa, ni kuma in biyo jirgin sama. Ya haɗa ni da wani dattijo mai ofishin aika kaya a bakin kasuwa, wanda shi ke shige wa mutane gaba wurin jamarik, wato masu duba kaya da karɓar haraji. Tun ranar farko dattijon ya ja mini kunne. Ya ce tsofaffin kayan gida ba su da wata matsala, sababbi ne ake biya wa haraji a can inda za a sauke su. "Amma 'yata," in ji shi, "zinariya da magunguna da saƙon mutane, kada ki sa ko ɗaya. Abin da ba ki sani ba kada ya shiga kayanki." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga garinmu Doka ta kwana biyu tana taya ni ɗaure kaya. Keken ɗinkina, tukwane, turarukan wuta, barguna, da wasu matasan kai da ta sa aka cusa musu sabuwar auduga ta ɗinke da hannunta. Ta gama ta koma, don lokacin yankan riɗi ne, gida ba ya zama ba babba.

Ranar duba kaya muka isa da hantsi, ni da dattijon. Babban sito ne mai rufin kwano, zafi kamar gidan burodi, ga kayan mutane jibge ko'ina. Lorin da zai kai kaya tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan yana tsaye a waje, an ce bayan la'asar zai tashi. Wani jami'i mai furfura a gemu ya tambaye ni da Larabci ko akwai zinariya ko kuɗi a cikin kayan. Na ce babu. Ya sake tambaya. Na ce wallahi babu, ni na ɗaure su. Ya nuna mini inda zan sa hannu, na sa.

Suka fara buɗewa. Komai lafiya, har wani matashin jami'i yana tsokanata wai na kwashe turaren Gadarif kaf. Yana cikin dariyar ne ya ɗauki matashin kai ɗaya, ya matsa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya sake matsawa. Ya kawo wata 'yar na'ura ya shafa a kai, ta yi ƙara. Ya zaro wuƙa ya keta shi daga sama har ƙasa, auduga ta zubo, wani ƙullin tsumma ya faɗo ƙasa da nauyi.

Da ya kwance, sai ga awarwaro na zinariya masu kauri, da 'yan kunne irin na da.

Na san su. Tun ina goye nake jin ƙararsu a hannun Inna.

"Ba ke kika rantse yanzu ba?" in ji babban jami'in, mai furfurar nan. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce abin da aka ɓoye a cikin auduga sunansa fasa-ƙwauri, za a riƙe kayan duka, a buɗe mini ƙara. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfona. Na ba shi ina kallo ya jefa a aljihun tebur ya rufe. Tafiyata saura 'yan kwanaki, kuma takardar shigata Saudiyya tana da wa'adi. Na ga shekarun da muka yi muna jira suna shirin narkewa a gabana.

Dattijon mai ofis ya ja ni gefe, gumi na zuba a wuyansa. "Kin kashe ni, 'yata. Sunana ne a kan kayan nan. In an rufe mini ofis, ina zan sa kaina?" Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Na Inna ne." Ya dube ni ya ce kowa ma haka yake cewa. Amma duk da haka ya koma wurin jami'in ya yi ta roƙo, har aka ce to, in mai zinariyar ta zo da kanta kafin a tashi aiki, za a saurare ta. In ba ta zo ba, sai dai a gaban alƙali.

Na kira wayar Inna, a kashe. Na kira ta yayana, ba ta shiga, yana can gona inda ba a samun layi. Na yi ta kira kafin matarsa ta ɗauka. Na ce ta nemo Inna duk inda take, ta sa ta a mota yanzu-yanzu. Ta ce me ya faru? Na ce ki dai ce mata an buɗe matashin. Ta ce, "Innalillahi." A nan na gane ita ma ta sani.

Zaman jiran nan ban taɓa yin irinsa ba. Aka sa ni a benci kusa da ƙofa, wani ɗan sanda na zaune yana kallona. Mata masu jiran nasu kayan suna satar kallona suna magana ƙasa-ƙasa. Wata mai sayar da shayi ta kawo mini ruwa. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ina ji ina gani aka loda kayan kowa, aka ɗaure tamfol, lori ya tashi ya bar nawa a warwatse a ƙasa.

Jami'in ya fara tattara takardunsa ke nan sai ga raksha, wato a-daidaita-sahu, ta tsaya. Inna ta fito, mayafinta duk ƙura, ko takalmin kirki ba ta tsaya sawa ba. Ba ta dube ni ba. Ta wuce kai tsaye gaban teburin ta ce, "Ɗana, ni ce ɓarauniyar. Yarinyar nan ba ta san komai ba."

Ya ce, "Hajiya, me zai nuna mini naki ne? Ina takardar saye?" Ta ce lokacin da aka sa mata su, ba a san wata takarda ba. Sai ta janye mayafi ta ɗora hannayenta biyu a kan tebur. A wuyan kowane hannu fata ta yi zobe fari sol, inda rana ba ta taɓa gani ba shekara da shekaru, ga kanta ta fito inda ƙarfen ke gogawa. Jami'in ya ɗauki awarwaro ɗaya ya juya shi, ya ga yadda ya lanƙwashe ya sha jiki, ya dubi hannun.

"To me ya sa kika ɓoye?"

Inna ta ce, "Za ta ƙasar da ba ni da kowa. In wata rana duniya ta juya mata, ina so ta sami abin da za ta dawo gida da shi ba tare da ta roƙi kowa ba. Da na ba ta a hannu, ba za ta karɓa ba. Na san abin da na haifa."

Ni dai kuka kawai nake. Jami'in ya ja dogon numfashi, ya ce saura kaɗan ƙaunarta ta kai 'yarta kurkuku. Ya ce ba zai buɗe ƙara ba, amma akwai tara, kuma sai an sake duba kayan ɗaya bayan ɗaya, su bi lorin gaba. Zinariya kuwa ba ta bin kaya. In ta ado ce, in sa a hannuna, in faɗa da bakina a duk inda aka tambaye ni. Ya buɗe aljihun tebur ya turo mini fasfona.

A nan gabansa Inna ta kama hannuna ta zura mini awarwaron, tana faɗa wai na rame. Ban iya cewa a'a ba.

Kayana sun iske ni a Jidda a makare, keken ɗinkin ma ya sha duka a hanya, amma ban damu ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada ka rantse a kan ƙullin da ba kai ka ƙulla ba, ko da uwarka ce ta ƙulla shi. Kuma in babba ya miƙo maka abu da hannu, ka karɓa ka yi godiya, don in ka saba ƙi, zai nemi hanyar da zai ba ka ba da saninka ba, kuma ba kullum hanyar ke ƙarewa lafiya ba.