Tiyon Inna a Randar Gasara

Yau da safe ƙanshin tsamin gasara ya tuna mini da Inna, uwar mijina, mai koko a tashar Matameye. In gasara ta kwana ta kwanta, da tiyo Inna take zuƙo ruwan tsamin zuwa bokiti, ba ta karkata randa. Ranar da ta fara bar mini aikin, na cusa tiyon har gindi, gasara ta dagule, ga masu saye suna jira. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta, ta ɗaga shi kaɗan, ta ce, "Nan za ki tsaya, ɗiyata." Har yau hannuna bai sake wuce wurin ba. Allah ya sanyaya makwancinta.